Yaƙin Waterloo a allo: wane fim ɗin tarihi ya cancanci lokacinka da datarka?

A ranar Lahadi 18 ga Yunin 1815, sojoji kusan 190,000 suka gwabza a wani fili da faɗinsa bai wuce kilomita 5 ba, kudu da birnin Brussels, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Kafin dare ya raba, kusan 50,000 daga cikinsu sun mutu ko sun jikkata, bayan 'yan kwanaki kuma mulkin Napoleon, sarkin Faransa, ya zo ƙarshe. Babu hoto ko guda na wannan rana, domin sai bayan shekara ashirin da 'yan kai ne sana'ar ɗaukar hoto ta shigo duniya. Wanda zai shirya fim kan Yaƙin Duniya na Biyu yana da hotunan gaske jibge a ma'ajiya, zaɓa kawai zai yi. Wanda zai shirya kan Waterloo hannunsa wayam. Dole ya nemi abin da zai cike gurbin da shi: ko taswira, ko filin kansa, ko 'yan wasa sanye da kaki, ko gwajin makaman zamanin, ko masana zaune a kujera ana haska tsofaffin zane-zane. Abin da ya zaɓa shi ke yanke abin da za ka koya, shi ne kuma ke yanke abin da zai ɓace maka. Saboda haka kafin a tambayi wanne ya fi kyau, a fara tambayar da me kowanne ya cike wannan gurbi.

Sai an riƙe ƙashin bayan labarin kafin a iya auna mai ba da shi. Napoleon ya sulale daga tsibirin Elba, inda aka kai shi gudun hijira, a ƙarshen Fabrairun 1815, ya shiga Paris ranar 20 ga Maris ba tare da an yi yaƙi ba. Manyan ƙasashen Turai suka sha alwashin kawar da shi. Rundunoni biyu ne suka fi kusa da iyakarsa: ta Wellington, janar ɗin Birtaniya, wadda ta haɗa 'yan Birtaniya da Jamusawa da 'yan Holan da Beljiyam, da ta Purushiya, wata masarautar Jamusawa, ƙarƙashin tsoho Blücher mai shekara 72. Dabarar Napoleon ita ce ya kutsa tsakaninsu, ya doke kowacce ita kaɗai kafin su haɗu. Ranar 16 ga Yuni ya doke Blücher a Ligny, amma bai murƙushe shi ba, yayin da kwamandansa Mashal Ney ya yi kunnen doki da Wellington a Quatre Bras. Washegari Napoleon ya tura Mashal Grouchy da mutum kusan 33,000 ya bi bayan 'yan Purushiya. Wellington ya ja da baya zuwa tudun Mont-Saint-Jean, ya tsaya a nan don Blücher ya yi masa alkawarin zai zo. A daren aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Ranar yaƙin, Napoleon yana da kimanin 72,000, Wellington kimanin 68,000. An fara da misalin ƙarfe 11:30 na safe a gidan gona na Hougoumont, wanda sojojin Wellington ke riƙe da shi. Bayan ƙarfe 1 na rana sojan ƙasa na Faransa ƙarƙashin Janar d'Erlon suka haura tudun, mahayan Birtaniya suka tarwatsa su, sannan su ma mahayan suka wuce gona da iri aka yi musu mummunar ɓarna. Daga ƙarfe 4 Ney ya yi ta aika dawakai dubbai a kan sojan ƙasa na Wellington, ba su fasa su ba. A daidai wannan lokaci 'yan Purushiya suka fara ɓullowa daga gabas suna dosar ƙauyen Plancenoit, a bayan ɓangaren dama na Faransawa. Bayan ƙarfe 6 gidan gona na La Haye Sainte ya faɗa hannun Faransawa. Da misalin ƙarfe 7:30, da sauran rana a sama domin a Turai rana kan daɗe ba ta faɗi ba a watan Yuni, Napoleon ya tura dogaransa na musamman, aka mayar da su, daga nan rundunar Faransa ta watse.

Wanda ya riƙe wannan zai iya gwada kowane fim da tambaya guda: yaushe 'yan Purushiya suka shigo labarin, kuma minti nawa aka ba su? Za mu koma kanta.

Taswira mai motsi

Mafi arha kuma mafi saurin samuwa shi ne gajeren bidiyon tashar Epic History TV a YouTube, wanda bai kai minti 20 ba. Babu ɗan wasa, babu mai gabatarwa a fili. Taswira ce ake kallo daga sama, rundunoni suna motsi a kanta da launuka daban-daban, murya tana bayani, lokaci-lokaci a haska wani zane. Abin da wannan salo ya fi kowa iyawa shi ne nuna alaƙar wuri da lokaci. A nan ne za ka ga da idonka cewa Wavre, inda Grouchy ya maƙale yana faɗa da 'yan bayan rundunar Purushiya, ba shi da nisa sosai da filin daga, amma yana ɓangaren da ba zai amfani Napoleon ba. A nan ne za ka ga yadda Plancenoit yake kusan bayan Napoleon, ka gane dalilin da ya sa dole ya cire rundunar janar ɗinsa Lobau, sannan matasan dogaransa, sannan bataliya biyu na tsofaffin dogaran, ya tura su can a lokacin da Ney ke roƙon ƙarin sojoji don ya fasa tsakiyar Wellington. Mai kallon da bai taɓa jin labarin ba, nan ya kamata ya fara, kuma ko da ƙaramar waya da data kaɗan zai gama shi.

Aibinsa yana cikin ƙarfinsa. Taswira tana ba ka idon da babu janar ko ɗaya da ya samu a ranar. Kana ganin komai tsaf, alhali su hayaƙi ya rufe su, saƙo kuma sai mahayi ya kai shi a kan doki cikin laka, in ya isa da rai. Wanda ya tsaya a taswira kaɗai yakan fita yana cewa Ney wawa ne, Grouchy maci amana ne, domin a allo kuskuren a fili yake. Kuma murabba'i mai launi da ya ɓace daga taswira ba ya kuka, alhali mutum ɗaruruwa ne.

Mutumin da ya taka filin da ƙafarsa

A 1996 BBC ta nuna jerin shirin War Walks, wanda marigayi Richard Holmes ya gabatar, kuma ɗaya daga cikin kashin farko shi ne Waterloo, mai tsawon kusan minti 30. Holmes malamin tarihin soja ne da ya koyar a makarantar horar da hafsoshi ta Sandhurst, ya kuma kai muƙamin birgediya a rundunar ko-ta-kwana ta Birtaniya. Ya rasu a 2011. Salonsa mai sauƙi ne: yana tafe a filin, yana magana da kai kai tsaye, yana nuna maka nan ne aka tsaya, daga can aka taho, yana kawo abin da sojojin da suka halarta suka rubuta.

A ganina wannan shi ne mafi ƙima idan aka auna minti da minti, dalili kuwa shi ne ƙasa. Ba a fahimtar Waterloo sai an fahimci tudun. Ba dutse ba ne, ba ma tudu ne mai tsayi ba, ɗan gangare ne da mai wucewa a mota ba zai kula da shi ba. Amma Wellington ya ajiye yawancin sojojinsa a bayansa, wasu a kwance, ta yadda igwa kusan 80 da Napoleon ya jera suna harbin abin da ba sa gani sosai. Shi ma Bafaranshen da ke haurowa bai san abin da ke jiransa ba sai ya kai ƙoli. Taswira ba ta iya nuna wannan. Sai kyamara ta sauko daidai tsayin idon mutum, mai gabatarwa ya taka 'yan taku kaɗan ya ɓace maka a bayan gangare, sannan abin yake zauna maka a kai.

Sai dai akwai tarko a filin kansa, kuma duk fim ɗin da aka ɗauka a can yana fama da shi. A shekarun 1820 Sarkin Holan ya sa aka gina Tudun Zaki, wani tulin ƙasa mai tsayin kusan mita 40 da matakala 226, don tunawa da wurin da aka raunata ɗansa, Yariman Orange. Ƙasar da aka tula daga jikin tudun yaƙin aka kwaso ta. Wato an aske wani sashe na ainihin abin da Wellington ya dogara da shi. Gangaren da ake gani yau a wannan ɓangare ya fi na 1815 laushi. Mai gabatarwa nagari yakan faɗa maka haka. Wanda ya hau Tudun Zaki yana nuna maka filin ba tare da ya ambata ba, a yi hattara da sauran bayaninsa.

Rashin shirin Holmes biyu ne. Hoton na talabijin ɗin 1996 ne, wanda ya saba da hoto mai kaifi zai ga ya dusashe. Sannan minti 30 ba sa ɗaukar Ligny da Quatre Bras da Wavre yadda ya kamata, kuma shiri ne da Bature ɗan Ingila ya yi wa 'yan Ingila, ko da yake Holmes mutum ne mai adalci a magana.

Bindiga, doki da jikin soja

Waɗanda tambayarsu ita ce yaya abin yake ga sojan da ke tsaye a sahu, shirye-shirye biyu ne a gabansu. Na farko shi ne Sean Bean on Waterloo, mai kashi biyu, wanda tashar History ta nuna a 2015 lokacin cikar yaƙin shekara 200. An zaɓi Sean Bean ne don shi ya fito a matsayin sojan zamanin Napoleon a wasan talabijin na Sharpe a shekarun 1990, kuma bai yi da'awar shi masani ba ne. Yana zagaya filin, yana tambayar masana, ana gwada makaman zamanin a gabansa, ana karanta bayanan waɗanda suka ga yaƙin. Na biyu shi ne kashin Massacre at Waterloo na jerin Battlefield Detectives, na farkon shekarun 2000, wanda salonsa shi ne a ɗauko masana kimiyya a sa su binciki yaƙi kamar yadda ake binciken laifi.

Amfanin gwajin makamai ba ƙarami ba ne, domin yawancinmu da bindigar zamani muke auna komai. Bindigar sojan Birtaniya ta lokacin, wadda ake wa laƙabi da Brown Bess, 'yar'uwar bindigar toka ce ta mafarautanmu: ta baki ake ɗura mata, cikin bututunta sumul ne, ƙanƙara ke ƙyasta mata wuta. Soja zai ciji ƙunshin takarda, ya zuba ɗan albarushi a wurin ƙyastu, ya zuba sauran a baki tare da dalma, ya danna da sandar ƙarfe, sannan ya harba. Gwani yakan yi harbi biyu zuwa uku a minti. Bayan mita 100 samun mutum guda sai sa'a. Wannan shi ya sa ake jera mutane kafaɗa da kafaɗa su harba tare, abin da mai kallon yau yake ɗauka wauta ce. Kuma kowane harbi yana fitar da farin hayaƙi mai kauri, ta yadda bayan ɗan lokaci bataliya ba ta ganin wadda ke gefenta. Idan ka ga mutum guda ya harba guda ɗaya a gaban kyamara hayaƙi ya rufe fuskarsa, sai ka lissafa dubbai na tsawon awa tara.

Haka batun doki. Idan mahaya suka taho, sojan ƙasa sukan dunƙule su yi sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe na fuskantar waje, na gaba a durƙushe sun kafa gindin bindiga a ƙasa da wuƙar bakinta a sama, na baya a tsaye suna harbi. Doki ba ya yarda ya afka wa katangar wuƙaƙe, sai ya kauce ya bi ta gefe, a nan ake harbinsa. Maganin wannan sahu shi ne igwa da sojan ƙasa, domin mutanen da suka cure wuri guda abinci ne ga harsashin igwa. Laifin Ney shi ne ya yi ta tura dawakai ba tare da isassun waɗannan biyun ba. Wanda ya san tarihin ƙasar Hausa ba baƙo ba ne ga wannan dabara: irin sahun da 'yan tsirarun sojojin Turawa suka yi ke nan a Kwatarkwashi a 1903, inda barade na Kano suka yi ta kai hari ba su fasa shi ba, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Bambancin shi ne a 1903 bindigogin sun riga sun zama masu saurin harbi, a Waterloo kuwa ƙarfin sahun ya fi dogara ga wuƙa da tsayuwar zuciya.

Tsakanin biyun, na Sean Bean ya fi daɗin kallo, hotonsa ya fi kyau, ya fi kusantar da kai ga mutane. Amma yana ɓata lokaci a kan fuskar tauraron yana mamaki, kuma idonsa na kan jajayen riguna na Birtaniya. Battlefield Detectives ya fi ƙarfi a kan ƙasa da ruwan sama, kuma wannan batu ne na gaske. Harsashin igwa dunƙulen ƙarfe ne da ake so ya daki busasshiyar ƙasa ya yi tsalle ya ratsa sahu bayan sahu. A jiƙaƙƙiyar ƙasa nutsewa yake. Jan igwa mai nauyi a laka ma aiki ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa ba a fara yaƙin da sassafe ba, kuma kowace awa da aka jinkirta kyauta ce ga Blücher da ke kan hanya. Matsalar irin wannan shiri ita ce son a gano sirri guda da zai bayyana komai. Laka ta taka rawa, amma laka ɗaya ce 'yan Purushiya suka ratsa daga Wavre suna jan igwarsu, suka kuma iso.

Waƙa a bakin mai ita

Mu koma kan tambayar 'yan Purushiya. A rundunar Wellington, 'yan Birtaniya ba su wuce kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori ba. Sauran Jamusawa ne daga Hanover da Brunswick da Nassau, da rundunar Jamusawa da ke yi wa Sarkin Ingila aiki, sai 'yan Holan da Beljiyam. La Haye Sainte, wanda shi ne maɓallin tsakiyar filin, Jamusawa kimanin 400 ne ƙarƙashin Manjo Baring suka fara riƙe shi, suka kuma riƙe har harsashinsu ya ƙare. A Hougoumont an fi sanin labarin Macdonell, hafsan Birtaniya, da mutanensa da suka tura ƙofar arewa suka rufe bayan Faransawa sun kutsa, amma 'yan Nassau da Hanover na cikin waɗanda suka fara tarar harin. Lokacin da dogaran Napoleon suka hauro da yamma, sojojin Holan da Beljiyam na Janar Chassé suna cikin waɗanda suka mayar da su. Sai kuma 'yan Purushiya kusan 50,000 da suka shiga yaƙin, suka yi asarar kusan 7,000. Ko sunan yaƙin ma jayayya ne: Blücher ya so a kira shi Belle-Alliance, sunan masaukin da suka haɗu da Wellington a kusa da shi da dare, amma Wellington ya rubuta rahotonsa daga ƙauyen Waterloo, sunan ya bi rahoton.

Rage rabon Purushiya tsohuwar al'ada ce. A shekarun 1830 wani hafsan Birtaniya, William Siborne, ya ƙera babban samfurin filin yaƙin da dubban ƙananan sojojin dalma, daga baya aka matsa masa har ya cire mafi yawan 'yan Purushiya daga ciki. Samfurin yana gidan tarihin soja na Landan. Fina-finan harshen Ingilishi da yawa sun gaji wannan hali ba tare da sun sani ba: Blücher yakan ɓullo a mintocin ƙarshe kamar baƙon da ya zo bayan an gama cin abinci.

Maganin wannan shi ne a kalli wanda ba 'yan Ingila suka yi ba. Waterloo, l'ultime bataille, na ɗan Beljiyam Hugues Lanneau, wanda tashar Arte ta Faransa da Jamus ta nuna a 2015, yana haɗa 'yan wasa da bayanin masana tarihi, tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi. Da yake an yi shi don masu kallo na Beljiyam da Faransa da Jamus, ba shi da dalilin mayar da ranar bikin Birtaniya, kuma ya fi karkata ga wahalar ƙaramin soja fiye da ɗaukakar janar. Ga masu karatu na Nijar da Kamaru da Cadi da suka fi sakewa da Faransanci, wannan ne zaɓi na farko ba tare da dogon tunani ba. Rauninsa na duk fim ɗin da ya dogara da 'yan wasa ne da kuɗin talabijin: mutum 'yan ɗaruruwa ba sa cika fili, sai a matso da kyamara kusa a cika allo da hayaƙi don kada ka lura. Kana jin tsoron ranar, amma girman taron ba ya fitowa.

Akwai kuma dogayen shirye-shirye kan rayuwar Napoleon gaba ɗaya, irin na David Grubin mai kashi huɗu da tashar PBS ta Amurka ta nuna a 2000, da na Andrew Roberts mai kashi uku a BBC a 2015. A cikinsu Waterloo babin ƙarshe ne kawai. Suna da amfani ga mai son sanin yadda ɗan tsibirin Kosika ya zama sarkin Faransa da dalilin da ya sa Turai ta ƙi yarda da dawowarsa. Roberts masoyin Napoleon ne kuma bai ɓoye ba, sai a saurare shi da sanin haka. Wanda yaƙin kansa yake nema kada ya kashe awa uku ko huɗu a nan.

Wanda ba na gaskiya ba ne, amma ba a tsallake shi

Abin da babu dokumentari ko ɗaya da ya iya shi ne nuna yawan jama'a, kuma fim ɗin wasa guda ne ya yi shi. Waterloo na 1970, wanda Sergei Bondarchuk ya ba da umarni, Rod Steiger ya fito a Napoleon, Christopher Plummer a Wellington, an ɗauke shi a Yukiren da sojojin Tarayyar Sobiyet kusan 15,000 da mahaya kusan 2,000, a zamanin da babu kwamfutar da za ta ninka mutum goma su zama dubu. Akwai wurin da kyamara ke tashi sama a nuna sahu-sahun masu kusurwa huɗu a warwatse, dawakai na kewaya su. Minti biyu na wannan sun fi dogon bayani, shi ya sa ake yawan yanko shi a bidiyoyin intanet. Amma wasa ne: an sa wa mutane maganganu a baki, an taƙaita kwanakin da suka gabata, kuma a gwajinmu na 'yan Purushiya makinsa kaɗan ne. A kalle shi bayan an san labarin, ba don a koye shi ba.

Napoleon na Ridley Scott na 2023 kuwa, kada a ɗauki Waterloo ɗinsa a matsayin darasi. An nuna Napoleon da kansa ya zare takobi ya shiga cikin mahaya, abin da bai faru ba. An haƙa ramukan fakewa da babu su a filin. An zaunar da shi da Wellington suna hira a jirgin ruwa, alhali mutanen biyu ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba. Napoleon ya miƙa wuya ne ga kyaftin ɗin jirgin Bellerophon ranar 15 ga Yuli, daga nan aka kai shi Saint Helena inda ya mutu a 1821.

Abu guda kuma duk waɗannan tsofaffin shirye-shirye sun riga shi fitowa. A 2015 ƙungiyar Waterloo Uncovered, wadda ta haɗa masu binciken kayan tarihi da tsofaffin sojoji, ta fara tono a filin. A gonar Mont-Saint-Jean, inda aka yi asibitin wucin gadi na rundunar Wellington, sun samo ƙasusuwan ƙafafun da likitoci suka yanke a 2019, sannan cikakken ƙwarangwal na mutum a 2022. Abin mamakin shi ne ƙarancin gawarwakin da aka taɓa samu a filin da dubbai suka mutu. Binciken da Bernard Wilkin da Robin Schäfer da Tony Pollard suka fitar a 2022 ya nuna alamu masu ƙarfi cewa an tono ƙasusuwan daga baya an sayar wa masana'antun sukari, waɗanda ke ƙona ƙashi su tace sukari da gawayinsa. Ƙungiyar ta sa gajerun bidiyoyin aikinta a YouTube, kuma su ne cikon abin da Holmes da Sean Bean ba su samu damar faɗa ba.

To, wanne za a ɗauka? Ɗalibi ko malamin da ke son ya fahimci abin da ya faru cikin ƙanƙanin lokaci, taswirar Epic History TV ta ishe shi, musamman in zai nuna wa aji. Mai awa ɗaya ya ɗora War Walks a kai, taswira da fari sannan Holmes, domin in ka juya tsarin za ka ji sunayen wurare ba ka san inda suke ba. Wannan haɗin biyun shi nake ba kowa shawara, kuma in aka tilasta mini ɗaukar guda ɗaya tak, Holmes zan ɗauka duk da tsufan hotonsa. Mai sha'awar makamai da dawakai ya nemi Sean Bean, ya bar Battlefield Detectives sai in batun ƙasa da ruwan sama ya dame shi. Mai jin Faransanci, ko wanda ya gaji da jin labarin daga baki ɗaya, ya nemi na Lanneau. Bondarchuk na daren da ake da wuta da babban allo ne, domin a fuskar waya sojojin nan 15,000 ɗigo-ɗigo za su zama.

Wajen nema a yi amfani da sunayen yadda aka rubuta su a nan, a haɗa da shekarar, saboda intanet cike take da bidiyoyi masu suna iri ɗaya waɗanda aka harhaɗa da muryar na'ura da hotunan da kwamfuta ta ƙirƙira. Gane su ba wuya: ja gaba zuwa tsakiyar bidiyon ka saurara ko an ambaci Plancenoit. In har an kai harin dogarai na ƙarfe 7:30 ba a ambace shi ba, rufe ka nemi wani.